Lissafin Tsohon Mai Walda

Daren Asabar a Gdańsk, ƙanƙara ta toshe bakin taga.
Jikata Bogna ta ture tukunyar miya gefe,
ta shimfiɗa taswirar taurari inda nake yanka burodi.
Su huɗu ne, kowa da fensir da takarda,
ga 'ya'yan ludo masu fuska ashirin
da ban taɓa ganin irinsu ba.

Ni ina kujerar gefen murhu, wai barci nake.

Mieszko, wanda gemunsa bai gama shawarar fitowa ba,
shi ne kwamandan rundunar samaniya.
Ya daki tebur, cokula suka amsa:
"Jiragen yaƙi arba'in nake so
kafin shekara ta zagayo!
Maƙiya sun ƙetaro zoben duwatsu!"

Arba'in.
Tari ya sarƙe ni, ba na mura ba.

Na ce, yaro, maƙerar nan taku da ke lilo a bayan wata,
gadon jirgi nawa gare ta?
Ya leƙa takarda. "Huɗu."
Wata nawa jirgi ke kwance kafin ya tashi?
"Sha takwas."
To ƙirga da yatsunka. In sun kasa, ari nawa,
tara suka rage,
ɗayan yana cikin wani jirgin dakon gawayi,
Allah kaɗai Ya san tekun da yake sha yanzu.

"Ai mutum-mutumi ke walda," in ji Jagna.
Wa ke gyara mutum-mutumin?
Ƙarfen fa, ta ina zai zo, ba kun ce an datse hanya ba?
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ko da tafiyar ta tsakanin taurari ce.

Bogna ba ta yi musu ba. Ta miƙo mini takarda fara:
"Kaka, daga yau kai ne shugaban maƙera."

Haka na koma bakin aiki
bayan shekara goma sha tara da ajiye gilashin walda,
ba takalmin ƙarfe, silifas ne a ƙafata.

Kwamanda ya ce a ninka aiki, dare ya haɗe da rana.
Na ce a'a.
Ya ce umarni ne.
Na san wannan muryar, na ji ta daga bakin masu ƙaton teburi.
Bogna ta ce, "Jefa."
Na jefa. Ɗan ludon ya gangara, ya bugi gwangwanin gishiri,
ya tsaya a kan biyu.

Ta sassauta murya, ta karanta mana abin da ya faru:
a gado na uku igiyar wani ma'aikaci ta tsinke,
ya tafi a hankali cikin duhun da ba shi da ƙasa,
fitilar hularsa tana ƙanƙancewa
har ta saje da sauran taurari.
"Yaya sunansa, Kaka? Sai an rubuta."

Na ce Zenon.

Ban ƙirƙira ba.
Nuwamba ce, katakon tsani ya sha raɓa ya daskare,
manya sun riga sun sa ranar da jirgi zai shiga ruwa.
Da muka buɗe jakarsa
shayin da ke cikin fulas bai huce ba.

Agogon bango ya yi ta magana shi kaɗai.

Mieszko ya juya fensir, ya goge arba'in,
har takardar ta huje.
Ya rubuta uku,
waɗanda ƙashin bayansu ya riga ya kwanta.

An ci su da yaƙi a daren nan.
Wata biyu suka rasa, da tashar mai, da rabin taswira.
Sun tafi suna gardama a matakala,
Jagna ta manta safar hannunta ɗaya.

Na tsinci ɗan ludon a ƙarƙashin tebur, na sa a aljihu.
Ta taga, can bakin kogi,
jajayen fitilun manyan ƙugiyoyi suna ƙifta ido.
Na zauna da fensir ɗin Bogna.
In aka rushe rumbun fenti, aka matsar da bututun iska,
wataƙila gado na biyar zai shiga.
Amma ba bana ba.